Wasiƙa Ga Mafarautan Anka, Gummi Da Bukkuyum

Ƙannena da 'ya'yana,

Jarumtaka kam kuna da ita. Duk wanda ya rataya bindiga ya doshi dawa a wannan zamani, da dajin Gando ya koma abin da ya koma, ba a tambayarsa ƙarfin zuciya. Allah ya tsare ku.

Abin da ya hana ni yin shiru shi ne yadda kuke zaɓen bindiga. Yaro ya je maƙera, tambayarsa ta farko ita ce, "Tana da ƙara?" Ƙara! Zabon daji kake nema, ko hawan salla za ka? Sai ya zaɓi mai faɗin baki, bai ko tambayi da wane ƙarfe aka yi ta ba. Wasu kuwa bututun famfo ne aka yanka aka ɗaura wa ice. Abin da aka ƙera don ruwa, shi za ka ɗura wa albarushi ka kara a kuncinka? Na ga hannun da irin wannan ta fashe a cikinsa. Yatsu biyu suka rage, yau mai shi ko lauje ba ya iya riƙewa.

Magabatanmu ba haka suke yi ba. Mutum kan yini wurin maƙeri, ya juya ta a rana yana neman tsaga, ya ɗora a kafaɗa ya ga ko ido da baki sun daidaita, ya ji laushin kunama. Guda ɗaya madaidaiciya ta ishe shi zomo da fakara da gada, har ɗansa ya gaje ta. Sarkin Baka na da ba ya barin yaro ya bi ayari da bindigar da bai duba ba. Yau wa ke tambayar Sarkin Baka?

Sai dalma. Mu da muka binne yara sama da 400 tun daga 2010, a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, mu ne za mu narka dalmar harsashi a tsakar gida, kusa da murhun tuwo? Waccan dalmar da ta kashe su daga dutsen zinari ta fito, na sani, amma guba ɗaya ce. Wallahi abin kunya ne.

Ku yi mini afuwa idan harshena ya yi kaifi. Kafin farautar rani ta kankama, kowa ya kai bindigarsa wurin tsohon maƙeri a duba masa ƙarfen. Wadda aka ce bututu ce, a karya ta a gabansa.

Wassalam.