Kafin ka tambayi kuɗin babur, tambayi yadda aka same shi

Akwai wani garejin gyaran babura a unguwar Abena ta Njamena da nake yawan zama a bakinsa, ba don ina da abin gyara kullum ba, sai don inuwar wurin da shayin maƙwabcinsa. Ranar Lahadi bayan La'asar masu manyan babura kan taru a can, irin baburan nan na tsere da mahayinsu ke kwanciya bisa tanki kamar mai neman abin da ya faɗi. Yara su kewaye su, masu wucewa su rage tafiya. Tambayar kowa ɗaya ce: nawa ka saya? Ni kuwa na daɗe da daina yin ta. Abin da nake tambaya shi ne yadda mutum ya same shi, domin na lura amsar ita ke nuna mini yadda zai tuƙa shi.

Wani magidanci a cikinsu, wanda bai wuce shekara talatin da biyar ba, yana da Yamaha R6 shuɗiya. Da na tambaye shi sai ya yi dariya ya ce, "Malam, labarin ya fi babur ɗin tsawo." Da kilando ya fara, wato abin da Kanawa ke kira acaɓa, mutanen Maraɗi kuma kabu-kabu. Babur ɗin ma ba nasa ba ne, na wani ɗan kasuwa ne a Dembe, kullum da dare sai ya kai masa balas, ko an samu ko ba a samu ba. Shekara biyu yana haka kafin ya mallaki Haojue ta hannu. Ya sayar, ya cika kuɗi ya ɗauki Bajaj Boxer sabuwa. Daga baya suka zama biyu, ya ba ƙanen matarsa ɗaya. Ya shiga adashi da abokan sana'a, ya roƙi a bar masa kwasar ƙarshe don kada kuɗin su narke a hannunsa.

Ita R6 ɗin a wannan garejin ya fara ganinta, a jingine, ƙura ta rufe ta, injinta ya buga. Ta wani baƙo ce da aikinsa ya ƙare zai koma ƙasarsu. Ya saye ta a matacciya. Wata huɗu yana jiran kayan gyara daga Duwala, yana zuwa kowace yamma ya tsuguna kusa da bakanike, har ya san kowane noti da ke jikinta. Yau idan ya shigo unguwa, a giya ta ɗaya yake tafiya, yaro mai keke ma sai ya wuce shi. Ya ce mini shekara bakwai ta guminsa ce a ƙarƙashinsa, ba zai zubar da ita a kwalta don 'yan kallo su yi tafi ba.

Wanda ba ya zaune a Chadi ba zai gane nauyin wannan jira ba. Ba mu da teku. Abin da ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala sai ya bi jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, ko ya hau tirela tun daga can, ya ratsa Garwa da Marwa, ya iso Kusiri, sannan ya tsallako gadar Ngeli, kuma a kowane zango akwai mai miƙo hannu. A da ƙananan babura da kayan gyaransu ta Najeriya suka fi shigowa, daga Kano zuwa Maiduguri, Gamborun Ngala, Fotokol, Kusiri. Da Boko Haram ta afka wa Gamboru a 2014 hanyar ta mutu na tsawon lokaci, kuma duk mai babur a Njamena ya ji a aljihunsa.

Ba zan ɓoye ba, akwai abin dariya a lamarin. Waɗannan injina an ƙera su ne don shimfiɗaɗɗiyar kwalta. Suzuki Hayabusa da ta fito a 1999 ta haura kilomita 300 a awa. To ina za ka kai wannan gudu a lungunan Abena cikin watan Agusta, lokacin da ruwa ke kwanciya har mai takalmin roba ma sai ya yi dabara? Rabin damina a ɗaki suke kwana. Ga mai: a Fabrairun 2024 litar fetur ta tashi daga sefa 518 zuwa 730, alhali matatar Jarmaya na nan kusa da mu tun 2011. Amma ban ga laifin sha'awar ba. Kakanninmu sun ciyar da doki dawa da harawa shekara guda don hawan kwana biyu na Sallah, ba wanda ya kira su mahaukata.

Sai dai su ba sa ɗora yaro a kan ingarma ranar farko. Nan ne rigimata take.

A layinmu wani attajiri ya yi wa ɗansa alkawarin babban babur idan ya ci jarrabawar bakaloriya. Yaron ya ci, uban ya cika alkawari, aka kawo Kawasaki Ninja har ƙofar gida ana guɗa. Yaron nan bai taɓa riƙe abin da ya fi ƙaramin babur ɗin zuwa makaranta ba. Bai cika wata uku ba ya kwashe wata mai sayar da gyaɗa a bakin titi, shi ya karye a cinya, ita har yau da sanda take tafiya. Uban ya biya kuɗin magani, an yi sulhu, an ce ƙaddara ce. Ƙaddara ce, na yarda, amma da hannunsa ya miƙa makullin. Na je dubiya, na kasa faɗa masa haka saboda kunya, shi ya sa nake rubutawa.

Akwai kuma masu samun nasu a ɓagas. Dillali ya kira ka gefe, ya nuna maka babur a rabin kuɗinsa, ka tambayi takardun kwastan ya ce suna tafe. Ba za su zo ba. Mai irin wannan babur ba ya tsayawa idan jandarma ya ɗaga hannu, ba ya tsayawa idan ya buge mutum, don ya san tsayawar ita ce rabuwarsa da babur ɗin. Wataƙila ma mai shi na asali yana Marwa ko Maiduguri yana cigiya.

Batun hular kwano ma haka. A Maris na 2015, da aka tilasta sanya ta, ɗalibai sun fito zanga-zanga a wannan birni saboda kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo, har aka rasa rai, aka rufe makarantu. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin mai yana da abin faɗa a lokacin. Wanda aka kashe wa miliyoyin sefa a kan babur ba shi da shi. Duk da haka, a taron Lahadin nan, masu hula da safar hannu su ne waɗanda suka taso daga kilando. Masu kai a buɗe, da gilashin rana da silifas, kusan duk 'yan kyauta ne.

Don haka Alhaji, idan ɗanka ya matsa maka, kuma Allah ya hore maka, ban ce ka hana shi har abada ba. Saya masa ƙarami, ya yi shekara biyu a kansa, ya sha faci, ya zuba mai da kuɗinsa, ya nemi lasisi. In ya kawo rabin kuɗin babban da guminsa, ka cika masa, ka kuma riƙe takardun a hannunka.