Ƙwaya ɗaya kafin karin kumallo

Kowa ya san maƙoƙo, kumburin nan na wuya, amma ƙalilan ne suka san cewa halittar da ke kumburan, wadda likitoci ke kira tayirod, tana iya raunana ba tare da wuya ya nuna komai ba. Idan ta gaza samar da isasshen sinadarinta, sai kasala ta rufe mutum, ga yawan jin sanyi, ƙiba, bushewar fata da rikicewar al'ada ga mata. Mu kuwa sai mu ce lalaci ne ko sammu, alhali gwajin jini da ake kira TSH yakan nuna inda gizo ke saƙar.

Maganin ya daɗe. Tun 1891 likita George Murray a Ingila ya yi wa wata mata magani da ruwan tayirod na tunkiya. A yau abin da likitoci suka fi dogaro da shi shi ne Levothyroxine, kwafin sinadarin da jiki ya rasa, wanda ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Akwai kuma Liothyronine, mai saurin aiki da saurin gushewa, wanda ƙwararru kan haɗa da na farko ga tsirarun da ba su samu sauƙi ba. Na uku shi ne busasshen tayirod na dabba, irin Armour Thyroid, da ake tallatawa a intanet da sunan “na halitta”. Ya kamata mai karatu ya sani cewa daga alade ake samunsa, kuma ma'aunin sinadaransa ya bambanta da na jikin ɗan Adam.

A ganina, zaɓen magani bai kai yadda ake shansa wuya ba. Levothyroxine na son cikin da babu komai, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, da ruwa zalla. Ƙwayar ƙarin jini da ta ƙarfin ƙashi suna hana jiki tsotse shi, don haka a raba su da awa huɗu. Mai azumi zai iya sha kafin sahur da irin wannan tazara. Bayan duk canjin adadi, sai a sake gwaji cikin mako shida zuwa takwas. Mai juna biyu kuwa ta hanzarta ganin likita, domin buƙatarta kan ƙaru, kuma ƙwaƙwalwar ɗan tayi a watannin farko ta dogara da sinadarin uwa.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ajiye maganin da zarar ƙarfi ya dawo, su koma ga jiƙe-jiƙe. Ga mafi yawan masu ciwon, shan na tsawon rai ne, domin ƙwayar tana cike giɓi ne kawai. Masu ƙara wa kansu adadi don rage ƙiba kuma suna sayen bugun zuciya mara tsari da raunin ƙashi. Adadin aikin likita ne. Namu shi ne haƙurin sha kowace safiya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.