Baƙin Lalle da Mai Juna Biyu: Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido

A Jega da Aliero da Maiyama, kamar sauran ƙasar Hausa, da wuya a yi suna ba a kira mai ƙunshi ba. Wasu matan tun cikin watan haihuwa suke yin lalle, domin su sauka da kwalliyarsu. Wasu kuma sai ana gobe suna. Ado abu ne mai kyau, kuma babu wanda zai hana mace shi. Amma a ganina lokaci ya yi da za mu rarrabe tsakanin jan lalle da muka gada da baƙin da ake kira dayis, musamman ga mai ciki da mai jego da jaririnta.

Jan lalle ganye ne da ake dakawa a kwaɓa, a ƙunsa, a jira sa'o'i kafin ya kama. Komai daɗewarsa ja yake bayarwa ko ruwan ƙasa. Idan kika ga zane ya fito baƙi wuluk cikin ƙasa da awa ɗaya, to wani abu aka zuba. Mafi yawa rinin gashi ne, wanda ke ɗauke da sinadarin da ake kira PPD. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a rinin gashi ba, a Amurka kuma ba a amince a shafa shi a fata ba sam. Amma an sha auna baƙin lalle a samu sama da kashi 15 cikin 100 a cikinsa.

Masu zanen jiki na dindindin a ƙasashen Turai suna da dabarar tsarma baƙin tawada da ruwa mataki-mataki, daga mai duhu zuwa mai ruwan toka, don hoton ya fito da haske da inuwa. Masu ƙunshinmu ma sun iya irin wannan: a ƙara gari zane ya yi baƙi, a ƙara ruwa ya yi sassauci. Shi ya sa wasu ke cewa, "A tsarma mini kaɗan, ai ina da ciki." Tsarmawa ba ta kawar da sinadarin. Jikin da ya ƙi sinadarin, ɗan kaɗan ma ya ishe shi ya tayar da bori. Su kansu masu zanen allura na can, ƙwararrunsu ba sa karɓar mace mai ciki, sai su ce ta dawo bayan ta haihu.

Illar dayis ba ta cika fitowa nan take ba, kuma wannan ne ke yaudarar mutane. Wadda ta fara yi, takan ɗauki kwana 4 zuwa 14 kafin ta ga alama. Wadda jikinta ya riga ya san shi, kwana 1 zuwa 3 ya isa. Ƙaiƙayi ne ke farawa, sai ja da kumburi, sai ƙuraje masu ruwa da ke bin sawun fulawar da aka zana. Bayan sun warke sukan bar tabo fari ko baƙi. Wadda ta kamu sau ɗaya kuwa, ta kamu ke nan har ƙarshen rayuwarta, ko rinin gashi ta shafa zai iya tashi.

Yanzu a lissafa kwanakin. An yi zane ana gobe suna, ƙuraje sun fito jariri yana da mako biyu. Hannun da zai ɗauke shi, ya riƙe masa nono, ya yi masa wanka, shi ne ya kumbura yana fitar da ruwa. Ga wankan jego da ruwan zafi safe da yamma a kan buɗaɗɗen rauni. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Akwai kuma maganar ranar haihuwa. Ma'aikaciyar jinya tana duba tafin hannu da farce da cikin ido don ta gane ko mace na da ƙarancin jini, ko ta zubar da jini fiye da kima. Akwai ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar da ke cikin jini, tana aiki ne da haske, kuma baƙin rini na iya tare hasken. Matar da aka kwaso da dare daga wani ƙauyen Maiyama tana zubar da jini, ba ta da lokacin da za a ɓata wajen neman yatsan da ba a rina ba. Saboda haka idan wata na 9 ya kama, a bar farce da kan yatsu yadda Allah ya yi su.

Jariri kuwa, ko jan lalle kada a sa masa. Yara da yawa a Nijeriya, musamman maza, ana haihuwarsu da ƙarancin wani sinadarin jini mai suna G6PD, kuma ba a gane su da ido. Lalle a fatar irin wannan jaririn na iya fasa ƙwayoyin jininsa, shawara ta taso masa da ƙarfi har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Haka nan jarfa da tsaga da ake cikawa da kunkunniya ko gawayi: aska ɗaya a jikin yara da yawa hanya ce ta ciwon hanta da cutar sarƙewar haƙora. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta haramta yi wa yaro zane ko tsaga.

A kuma kula da inda ake ajiye garin dayis. A Khartoum ta ƙasar Sudan, tsakanin 1984 da 1989, likitoci sun kwantar da yara 31 da wannan sinadari ya yi wa guba, 13 daga cikinsu suka rasu. Idan yaro ya haɗiye shi, harshe da wuya ne ke kumbura har numfashi ya gagara, ƙoda kuma ta tsaya.

Wata za ta ce, "Mun sha yi, ba mu ga komai ba." Gaskiya ne, ba kowa yake kamawa ba. Sai dai kowane zane yana ƙara koya wa jiki ƙin sinadarin, kuma babu mai iya faɗa miki ko na yau ne zai tashi. Wata kuma za ta ce ana so a kashe wa masu ƙunshi sana'a. Ai zanen jan lalle da salatif ya fi cin lokaci da gwaninta, kuma mai ƙunshin da ta daina taɓa dayis kullum ta tsare nata hannun.

Shawarata ga mai ciki: ki tambayi abin da aka kwaɓa, ki ga garin da idonki. Idan ba lalle zalla ba ne, ki haƙura. Idan an riga an yi kuma ya fara ƙaiƙayi, ki wanke da ruwa da sabulu, kada ki fasa ƙurajen ko ki barbaɗa musu wani gari, ki je asibiti ki faɗi abin da aka shafa. Idan fuska ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, kada a jira gari ya waye. Maigida da uwar miji da gwaggonni, ku ne ke kiran mai ƙunshi, ku ne ke biya, don haka ku ne za ku fara cewa ja za a yi.

Allah ya sauke ku lafiya, ya raya abin da za a samu.