Tayar wa Mai Ciki da Naƙuda: Yaushe Ya Dace?

'Yar uwa mai juna biyu, idan kika shiga watanki, mai yiwuwa ne ranar awo likita ya duba katinki ya ce miki, "Za mu ba ki gado jibi, mu tayar miki da naƙuda." Mata da yawa da jin haka sai gabansu ya faɗi. Wasu sukan karɓi katin su tafi gida, ba a sake ganinsu sai an kawo su a galabaice. Wasu kuwa su ne ke roƙo: ciki ya yi nauyi, baya na ciwo, barci ya gagara, suna so a sa musu ruwan naƙuda su huta tun lokaci bai yi ba. Ra'ayina a kan wannan magana a fili yake. Tayar da naƙuda aiki ne mai aminci wanda ya ceci rayuka da dama, amma da sharaɗin an san kwanakin cikin, akwai dalilin yin sa, kuma an yi shi a asibitin da ke da mai sa ido da ɗakin tiyata. In aka rasa ɗaya daga cikin waɗannan, to lissafi ya canza.

Mu fara da kwanaki, domin nan ne aka fi yin tuntuɓe. Likita da mako yake ƙirga ciki, ba da wata ba. Yakan fara daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe, ya ƙirga mako 40, wato kwana 280. In da watan sama kike ƙirga, wannan ya kai wajen wata tara da rabi, don haka matar da ta ce "na cika wata tara har na ɗora" sau da yawa lokacinta bai ma yi ba. Wadda ta yi kwanika kuwa, ta sami ciki tana shayarwa ba ta ga al'ada ba, ba ta da ranar da za ta kama. Abin da ke raba gardama shi ne hoton ciki na farko-farko. Wanda aka ɗauka a wata uku na farko da wuya ya kauce da fiye da mako ɗaya, amma wanda aka ɗauka ciki ya tsufa yana iya kaucewa da mako uku. Mako uku ba wasa ba ne. Jaririn da ake zaton ya kai mako 39 yana iya zama ɗan mako 36, a fito da shi bai gama nuna ba. Shi ya sa muke ta nanata muku ku fara awo da wuri, ku kuma adana takardar hoton farko kamar yadda ake adana takardar fili.

Daga mako 37 ba a kiran jariri bakwaini, gaskiya ne. Amma huhunsa da ƙwaƙwalwarsa suna ci gaba da ƙosawa har mako 39. Waɗanda aka haifa a mako 37 ko 38 sun fi fama da wahalar numfashi, da shawara, da kasa kama nono, kuma an fi kwantar da su a ɗakin jarirai. Saboda haka duk wadda take lafiya ƙalau, ita da abin da ke cikinta, ba ta da wata riba a fito da shi kafin mako 39. Gajiya ba dalili ba ce. Tafiyar maigida, ko son a yi suna kafin azumi, su ma ba dalili ba ne.

To, a mako 39 ɗin fa? An daɗe ana ganin tayar da naƙuda hanya ce ta kai mace ga tiyata. A shekarar 2018 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mata fiye da 6,000 masu cikin fari, waɗanda ba su da wata matsala. An raba su gida biyu, aka tayar wa wasu da naƙuda a mako 39, aka bar wasu su jira. Cikin waɗanda aka tayar wa, kashi 18.6 cikin 100 ne aka yi wa tiyata. Cikin masu jira kuwa kashi 22.2. Hawan jinin ciki ma ya fi yawa ga masu jira, jariran kuma ba a ga wani bambanci mai ƙarfi tsakaninsu ba. Wannan ya kwantar da hankalin likitoci ƙwarai, kuma ya kamata ya kwantar da naki. Sai dai kada mu ɗauko rigar wani mu sa ba tare da mun gwada ba. Matan nan an san kwanakin cikinsu tun farko, kuma a manyan asibitoci aka yi musu, inda ake da isassun ma'aikata da na'urorin sauraron jariri. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2022, ba ta goyi bayan a riƙa tayar wa kowace mace mai lafiya da naƙuda kafin mako 41 ba. Ni ma nan na tsaya. A inda ungozoma ɗaya take kula da mata da yawa cikin dare guda, mai lafiya ta jira naƙudarta, a bar gadon da idon ma'aikata ga wadda jira zai cuta.

Su wa jira zai cuta? Ta farko ita ce mai hawan jinin ciki, musamman in an ga sinadarin furotin a fitsarinta. Wannan ciwo shi ke kai mace ga jijjiga, kuma magani rage shi kawai yake yi. Ba ya barin mace sai ta haihu. Idan ciki ya kai mako 37, haihuwa ta fi jira aminci, in kuma ciwon ya yi tsanani ba a ma jiran mako 37. Haka nan wadda fayarta ta fashe ciki ya isa haihuwa amma naƙuda ta ƙi zuwa, domin ƙofa ta buɗe wa ƙwayoyin cuta, kowace awa tana ƙara haɗari. Akwai mai ciwon sukari, da wadda hoto ya nuna jaririnta ya daina girma ko ruwan da yake ciki ya ragu.

Sai wadda cikinta ya wuce lokaci. A nan nake so iyayenmu mata su saurara, domin su ne ke cewa "a bar ta, in lokaci ya yi zai fito, ai ba a taɓa ganin wanda ya dawwama a ciki ba." Mabiyiya ita ke ciyar da jariri, kuma ita ma tsufa take yi. Bayan mako 41 haɗarin jariri ya mutu a ciki yana ƙaruwa. A ƙasar Suwidin an gwada wannan a kan mata 2,760, aka tayar wa rabi da naƙuda a mako 41, aka bar rabi har mako 42. Dole aka dakatar da binciken kafin a kammala, domin jarirai shida sun rasu a ɓangaren masu jira, ba a rasa ko ɗaya ba a ɗaya ɓangaren. An buga sakamakon a 2019. Mako ɗaya tak ne tsakaninsu.

Yadda ake yi ba wani abin ɓoye ba ne. Za a fara duba kwanciyar jariri, da bugun zuciyarsa, da bakin mahaifa. In bakin bai yi laushi ba, a kan sa siririyar roba mai ɗan balan-balan a kai ta buɗe shi a hankali, ko a ba ki ƙwayar misoprostol kaɗan-kaɗan. In ya buɗe, a fasa faya, a ɗaura ruwan oksitosin ana ƙirga ɗigonsa. Ki zo da haƙuri, don abin yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu, musamman ga mai cikin fari, kuma wasu sukan ce ciwon ya fi na naƙudar da ta zo da kanta. Wani lokaci mahaifa ta ƙi amsawa, ko jariri ya nuna alamar gajiya, sai an yi tiyata. Wannan ya kamata ki sani tun kafin a fara.

Haɗarin da ya fi damuna ba a ɗakin haihuwarmu yake ba, a cikin unguwa yake. Duk lokacin da mahaifa ta murɗa, jinin da ke zuwa wa jariri yakan ragu, sai ta saki ya samu ya huta. In magani ya yi yawa, murɗawar takan zo a jere ba hutu, jariri ya galabaita, mahaifar kanta tana iya fashewa. A asibiti, da an ga murɗawa ta wuce biyar cikin minti 10 sai a rufe ruwan. Allurar naƙudar da mai kemis ya zo ya yi a gida kuwa, in ta shiga ta shiga, babu mai iya janye ta. Ƙwayar misoprostol da aka fi samu a kasuwa mai ƙarfin 200 ce, alhali 25 ake ba mai ciki a lokaci guda, wato kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayar. Wadda aka ba ki don tsayar da jini in kin haihu a gida, bayan jariri ya fito ake shan ta, kuma sai an tabbata babu na biyu a ciki. Jiƙe-jiƙen saurin naƙuda da na zaƙi su ma babu wanda ya san ƙarfinsu. In kin sha wani abu, ki faɗa mana da kin zo. Ba faɗa za mu yi miki ba, so muke mu san abin da za mu tara.

Kada ki ɓoye wa likita in an taɓa yi miki tiyatar haihuwa ko ta cire ƙari a mahaifa, ko da a wani gari aka yi, don mai tabo a mahaifa ba a ba ta misoprostol. Wadda ta haihu sau biyar ko fiye ita ma ana yi mata da taka-tsantsan. In jariri ya kwanta a gicciye, ko mabiyiya ta tare hanya, ba a tayar da naƙuda sam.

Kai kuma maigida, kana da haƙƙin ku tambayi likita, kai da ita: mene ne dalilin, mako nawa ne cikin kuma ta yaya aka sani, me zai faru in an jira? Likitan kirki ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. In kun gamsu, ka zo ranar da aka sa, ka tanadi wanda zai ba da jini in an buƙata, kada ka yi nisa ko ka kashe waya, don kada a tsaya neman ka a lokacin da minti goma ke da muhimmanci. In kuma shawara ta tsaya a kan a jira, to ba a gida za a zauna shiru ba. Ta ci gaba da zuwa awo a ranakun da aka ba ta. Da ta ji motsin jariri ya ragu, ko ta ga jini ko ruwa, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, a kawo ta a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne.