Kafin a huda jirgi saboda lasifika, a fara duba robar da ke tare ruwa

Duk wanda ya je shaƙatawa Tafkin Jabi a Abuja ranar Sallah, ko ya tsaya a mashigar ruwa ta Yawuri ranar kasuwa, zai lura cewa kiɗa ya shiga jirgi. Matasa masu tuƙa ƙananan jiragen faiba da kwale-kwale masu inji sun gane cewa fasinja ya fi son jirgin da sauti ke tashi a cikinsa, musamman 'yan biki da masu ɗaukar bidiyon TikTok. Shi ya sa da yawansu, da zarar kuɗi sun ɗan taru, sai su nufi kasuwar kayan mota su sayo rediyo da lasifika biyu ko huɗu, su kira mai wayarin ya ɗaura.

Babu laifi a son kiɗa, kuma babu laifi a nemi abin da zai jawo kwastoma. Matsalar tana wajen abin da ake sa wa a gaba. A ƙaramin jirgi, lasifika ya kamata ta zo ƙarshe a jerin sayayya, bayan an tabbatar da lafiyar ƙananan kayan roba waɗanda ba wanda yake ɗaukarsu hoto. Kuma ga mafi yawan masu ƙananan jirage, lasifikar Bluetooth ta hannu ta fi rediyon da ake huda jiki a ɗaura.

Jirgi ba mota ba ne

Rediyon mota an ƙera shi ne don ya zauna a busasshen wuri, cikin rufaffen gida, nesa da rana. A buɗaɗɗen jirgi kuwa zai haɗu da feshin ruwa, da raɓar asuba, da ƙurar hunturu, da zafin bazara, da jijjigar inji da ba ta tsayawa. Yawancin lasifikun mota masu arha, fatar da ke kaɗawa ta fitar da sauti ta takarda ce. Idan ta sha laima sau biyu ko uku sai ta yi laushi, sautin ya fara karkarwa, daga nan ta yage.

Wasu za su ce ai ruwan Neja da na Tiga ba na gishiri ba ne, kayan da aka yi wa jiragen teku almubazzaranci ne a nan. Akwai gaskiya a ciki: gishiri ya fi saurin cin ƙarfe. Amma laima kaɗai ta isa ta sa jan ƙarfen cikin waya ya yi kore ya daina ɗaukar wuta yadda ya kamata. Wannan ne ya sa wayar da ake yi wa jirage ake lulluɓe zarenta da kuza. Kamfanoni irin su Fusion, Kenwood, Sony da JBL duk suna da rediyo da lasifika na musamman don jirgin ruwa, masu fatar roba da rufin da ke jure hasken rana. Sun fi tsada, amma wanda ya sayi na mota sau uku ya riga ya biya kuɗin na ruwa bai samu ba.

Duk mai wayar zamani ya san lambar IP, kuma ita ce za a nema a nan ma. IPX5 na nufin na'ura tana jure ruwan da aka fesa mata. IPX7 na nufin za ta iya nutsewa zurfin mita 1 har minti 30. IP67 ya haɗa wannan da kariya daga ƙura. Kwalin da aka rubuta masa kawai cewa ba ya jin ruwa, ba tare da lamba ba, talla ce.

Batir da tartsatsi

Da yawan injinan da ake amfani da su a kogunanmu, da igiya ake tayar da su, ba sa buƙatar batir. Mai irin wannan jirgi idan zai sa rediyo, sai ya shigo da batir mai volt 12, ya nemo masa wurin zama da hanyar caji. Wanda kuma injinsa da makulli yake tashi, haɗarinsa daban ne: ya kashe inji a tsakiyar ruwa, fasinjoji suna rawa suna ɗaukar hoto, kiɗa yana shan batirin da zai tayar da su zuwa gida.

Lissafin ba shi da wuya. A ce kayan sautin suna jan amfiya 5, batirin kuma mai 60Ah ne. Batirin ruwa irin na mota ba a son a sha fiye da rabinsa, wato 30Ah. Awa shida ke nan idan sabo ne kuma a cike yake. Idan tsoho ne, ko an ƙara amfilifaya, lokacin zai ragu sosai. Mafita ita ce batir na biyu wanda kiɗa kaɗai yake sha, da ƙaramin faifan sola da na'urar daidaita caji.

Abu mafi muni shi ne irin haɗin da aka saba gani: a murɗe waya biyu da hannu, a naɗe da salatif, a ja ta kai tsaye daga kan batir babu fiyus. A mota ma wannan ganganci ne, balle a jirgin da jarkar fetur take ajiye kusa da ƙafar matuƙi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan jirgi, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Ƙa'idar hukumar ABYC ta Amurka, wadda masu ƙera ƙananan jirage ke bi, ta ce a sa fiyus cikin inci 7 daga inda wuta ta fito, wato kusan santimita 18. Batirin kuma a sa shi cikin akwatin roba mai murfi, a ɗaure shi kada ya yi ta yawo. Wanda ba zai iya yin waɗannan ba, gara ya haƙura da ɗaura rediyon.

Robar da ba a kulawa da ita

A nan ne ainihin maganar take. Ƙaramin jirgi cike yake da kayan roba: toshin ramin da ake tsiyaye ruwa a bayan jirgin faiba, bututun famfon kwashe ruwa da bakin da yake fita ta jikin jirgi, tankin mai, tiyon mai da 'yar ƙwallon da ake matsawa don mai ya hau, da maɓallan rigar kariya. Kowanne cikinsu bai kai kuɗin lasifika ɗaya ba, amma kowanne yana iya zama sanadin rai.

Babban maƙiyin roba shi ne hasken rana. Yana karya ta a hankali daga sama zuwa ciki. Alamominsa a bayyane suke: launi ya koɗe, idan an shafa ya bar farin gari a yatsa kamar alli, ƙananan tsagu su bayyana a gindin zare. Robar da ta kai wannan matsayi ta riga ta mutu, ko da tana nan a wurinta. Jijjiga ɗaya ko taku ɗaya ya isa ya ɓalle ta.

Rami mai faɗin inci 1 da ke ƙasa da saman ruwa da ƙafa ɗaya yana shigo da fiye da lita 40 a minti guda, wato jarka biyu ta 'yan garuwa. Kuma bakin bututun da yake sama da ruwa lokacin da jirgi ba kowa, yana iya nutsewa idan an cika lodi ko fasinjoji sun taru gefe ɗaya. Mai kwarfar ruwa da kwano ba zai ci wannan tseren ba.

Kulawar ba ta da tsada. A wanke kayan roba da ruwa da sabulu mai laushi. Kada a goge su da fetur ko tina, domin suna narkar da wasu nau'ukan roba, suna sa wasu su tsattsage. Kada a ɗaure notin roba da ƙarfin da ake ɗaure na ƙarfe. A rufe jirgi da tamfol idan ba a aiki, tankin mai da rigunan kariya kuma a ajiye su a inuwa. Sau ɗaya a wata a bi su da hannu: a lanƙwasa tiyon mai a ga ko ya bushe, a matsa ƙwallonsa a ji ko ta ƙandare, a ɗaura kowace rigar kariya a fizge ta da ƙarfi. Rigar da maɓallinta ya karye tana zamewa daga jikin mutum da zarar ya faɗa ruwa. Abin da ya tsage a canja shi, ba a liƙe shi da gam ba. A kuma ajiye toshi na biyu a cikin jirgi.

Kunne ma kayan aiki ne

Akwai asarar da ba a lissafa ta da kuɗi. Gogaggen matuƙi da kunne yake tuƙi. Yana jin lokacin da muryar inji ta canja, yana jin lokacin da farfela ta naɗo ciyawa ko koma, yana jin ihun wanda ke gaba idan ya hango kututture. A Tafkin Kainji, inda ruwa ya shanye daji da garuruwa bayan kammala madatsar a 1968, itatuwan da ke ƙarƙashin ruwa har yau suna cikin abin da matuƙa ke tsoro. Kiɗan da ya danne ƙarar inji ya toshe wa matuƙi ɗaya daga cikin hanyoyin da yake gane haɗari.

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda hedikwatarta ke Lokoja, ta daɗe tana nanata sa rigar kariya, da hana lodi fiye da kima, da hana tafiyar dare. Haɗarin Wara a jihar Kebbi da na Bagwai a jihar Kano, duka a 2021, sun nuna yadda ruwa ke cin rayuka da yawa cikin ɗan lokaci. Ba kiɗa ne ya jawo su ba. Amma mai jirgin da yake da lasifika huɗu da rigar kariya biyu ya nuna wa fasinjojinsa abin da ya fi daraja a wurinsa.

Hanya mafi sauƙi

Lasifikar hannu irin JBL Charge 5 ko Flip 6, duka masu IP67, ko makamantansu na wasu kamfanoni, ta warware kusan duk matsalolin nan. Ba huda, ba waya kusa da fetur, ba batirin jirgi. A ɗaure ta da igiya a wurin zama, a haɗa da wayar da ke cikin jakar hana ruwa, da yamma a tafi da ita gida, inda rana da ɓarawo ba za su same ta ba. Sai dai a yi hattara da jabu, domin kasuwa cike take da masu kama da su waɗanda lambar IP ɗinsu a kwali kawai take.

Wanda jirginsa ya kai girman da yake buƙatar cikakkun kayan sauti, ya ɗaura su, amma na ruwa, da fiyus, da batir nasu, ramukan kuma a sama sosai da layin ruwa, a like su da kyau. Kafin nan, ya ɗauki kuɗin lasifika ɗaya ya sayi sabon toshi, sabon tiyon mai, da rigar da maɓallinta ke kamawa.