Kulle Kai a Ɗaki Ba Taƙawa Ba Ce: Martani Ga Masu Hana Ɗalibanmu Na Ingila Shiga Mutane

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW) da iyalan gidansa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata nasiha da ta zauna daram a bakin iyaye da wasu malamai duk lokacin da yaro zai tafi karatu ƙasar waje, musamman Ingila. Za ka ji ana cewa: "Karatu ya kai ka. Daga aji sai ɗakinka, kada ka shiga sabgar kowa." Mai faɗa yana jin ya sauke nauyi, wanda aka faɗa wa yana jin an ba shi garkuwa. Ni kuwa a wajena nasiha ce mai cutarwa, kuma rigar addini da ake sanya mata ita ta fi ɓata mini rai. Ina da ɗalibai da na karantar da su Ahalari da Arba'una Hadis a Islamiyya, yau suna Manchesta da Lids da Bamingham, kuma kukan da na fi ji daga gare su shi ne na kaɗaici.

Ya ɗan'uwa mai karatu, mu fara duba halin da yaron nan yake samun kansa. Mafi yawan digiri na biyu a Ingila shekara ɗaya ne. Zai sauka a watan Satumba, kafin ya gane hanyar kasuwa hunturu ya shigo. A watan Disamba, a gari irin Manchesta, rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas na safe, kafin ƙarfe huɗu na yamma kuma ta faɗi. Tun daga Janairun 2024 gwamnatin Birtaniya ta hana masu digiri na biyu na darussan aji tafiya da iyalansu, saboda haka magidanci ma gwauro yake komawa. Ga darajar naira da ta zube tun Yunin 2023, har fam ɗaya ya haura naira 2,000 a 2024. Bizar ɗalibi ta yarje masa aikin awa 20 a mako lokacin karatu, sai ka same shi yana aikin dare a gidan kula da tsofaffi ko a rumbun ajiyar kaya, ya dawo ya faɗi a gado. Wannan fa yaro ne da ya tashi a unguwar da ake haɗuwa sau biyar a masallaci, ga majalisa a ƙofar gida, ga suna, ga ɗaurin aure, ga zaman makoki. Yau sai ya kwana uku bai yi doguwar magana da ɗan Adam ido da ido ba. Shi ne kuma muke ƙara masa da cewa ya ja ƙofa ya kulle.

To, wa muka bar shi da shi a ɗakin? Wayarsa. Iyayenmu suna tsoron titi da mashaya, sun manta cewa yau duk abin da ke titi yana cikin aljihu. Caca a kan wasan ƙwallo halal ce a dokar Ingila, tallarta na bin mutum har cikin waya. Hotunan batsa ba sa buƙatar a fita nemansu. Wanda ba shi da abokin da zai ƙwanƙwasa masa ƙofa ya ce "taso mu tafi Juma'a", ba shi da wanda zai ji kunyarsa.

Ban san inda masu wannan nasiha suka samo ta a addini ba. Manzon Allah (SAW), lokacin da yake kwaɗaitarwa kan sallar jam'i, ya buga misali da kerkeci da tunkiyar da ta ware daga garke, cewa ita ake ci. A hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito, ya fifita muminin da ke cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu a kan wanda ya janye jikinsa. Hadisin mai turare da maƙeri da suke yawan kafa hujja da shi, umarni ne da a zaɓi abokin zama, babu inda ya ce a zauna babu aboki.

Ku dubi sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha, ƙasar Kiristoci. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya zauna can fiye da shekara goma, bai dawo ba sai shekara ta 7 bayan hijira, lokacin buɗe Haibara. Sun san harshen mutanen, har Annabi (SAW) ya taɓa yi wa Ummu Khalid, wadda aka haifa a can, raha da kalmar Habasanci. Da wani ya yi wa Najjashi tawaye, sun damu da lamarin ƙasar har Zubairu ɗan Awwam ya haye kogi don ya kawo musu labarin yaƙin. Waɗannan ba mutanen da suka kulle kansu a ɗaki ba ne. Ko a tarihinmu na kusa, Malam Aminu Kano da ya je Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1946, shekara guda bayan Abubakar Tafawa Ɓalewa, ba takardar shaida kaɗai ya dawo da ita ba. Cuɗanyarsa da 'yan siyasa da ɗaliban wasu ƙasashe tana cikin abin da ya gina shi.

Sannan Ingilar yau ba dajin da babu Musulmi ba ce. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi miliyan 3.9 a Ingila da Wales, wato kashi 6.5 cikin ɗari. Masallacin Shah Jahan da ke Woking tun 1889 yake tsaye. Kusan kowace babbar jami'a tana da ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ɗakin sallah, uwar ƙungiyoyin nan kuwa, FOSIS, tun 1963 aka kafa ta. Suna shirya Juma'a, da buɗa-baki a azumi, da halƙar karatu, har da wasan ƙwallo. Ƙofa a buɗe take, ɗanmu ne aka ce kada ya shiga.

A nan dole in juyo kan ɗaliban su kansu, domin akwai wani kullen kai da ake yi a cikin taro. Mutum huɗu 'yan gari ɗaya za su kama gida ɗaya, su tuƙa tuwo, su kwana suna musun siyasar Kano da rikicin Izala da Ɗariƙa, shekara ta ƙare ba su da aboki ko ɗaya daga Malesiya ko Turkiyya ko Somaliya. Turancinsu yadda ya tafi haka ya dawo. Wani zai shiga masallacin 'yan Pakistan ya ga suna jinkirta La'asar, sai ya fito yana cewa ba su iya sallah ba, alhali mazhabar Abu Hanifa suke bi, kuma ta girmi duk ƙungiyoyin da muke taƙama da su a gida. Allah Ya kai ka inda al'ummar Annabi ta taru daga kowace kusurwa, kai kuma kana tambayar wace ƙungiya limamin yake!

Saura waɗanda ba Musulmi ba, kuma a nan ne aka fi ɗaga mini murya. Ɗalibi ba shi da zaɓi a wannan: aikin rukuni yana da maki, kicin da firij na tarayya ne, malamin da zai duba kundinsa shi zai rubuta masa takardar shaidar hali gobe. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta bayyana cewa Allah bai hana kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba. A ƙarshen Yulin 2024, da masu zanga-zangar ƙyamar baƙi suka far wa masallacin Southport, washegari mutanen garin ne suka fito suka share titi, suka taya gyara katangar da aka rushe. Maƙwabcin da ya san sunanka, ya taɓa cin shinkafarka ranar Sallah, shi ne zai tsaya maka ranar da gari ya rikice.

Za a ce mini, "Malam, ai mun ga waɗanda suka lalace." Na gani ni ma. Makon tarbar sababbin ɗalibai cike yake da shagulgulan giya, kuma zama a teburin da ake shan ta haramun ne, ban sassauta ba. Amma yaron da aka koya wa gudu kawai, ranar da kaɗaici ya ci ƙarfinsa, duk wanda ya fara miƙo masa hannu shi zai bi, ko da zuwa mashaya ne. Abin da ya kamata a koya masa tun a gida shi ne yadda zai ce "ba na sha, amma mu haɗu gobe mu sha shayi" ba tare da rawar murya ba. Turawan sun saba da jin haka, mafi yawansu ba sa ja.

'Yan mata sun fi shan wannan ukuba. A ce wa yarinya kada ta fita sai aji, sannan ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita babu wadda ta san lambar ɗakinta. Ɓangaren mata na ƙungiyar ɗalibai Musulmi yana nan, suna da karatunsu da ziyarce-ziyarcensu, amma an tsorata ta da kowa.

Don haka ina roƙon iyaye da 'yan'uwana malamai, in kun kira yaranku a wannan mako, bayan tambayar karatu da abinci, ku tambaye su: a wane masallaci ka yi Juma'ar da ta wuce, kuma da wa kuka tafi? Wane ne zai neme ka in an kwana biyu ba a gan ka ba? Ku ce ya faɗi suna, ku kuma karɓi lambar mutumin ku ajiye.