Kiwon kifi a Bodinga da Shagari: Sikeli ko na'urar ciyarwa?

Duk wanda ya taɓa kiwon tarwada ya san ba sayen 'ya'yan kifi ne ke karya jari ba, abincinsu ne. Masana sun daɗe da ƙiyasta cewa abinci kaɗai na cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin da mai kiwo ke kashewa. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira, farashin masara da waken suya da garin kifi ya yi tashin gwauron zabi, lamarin da ya jefa masu ƙananan tafkuna cikin tsaka mai wuya, ciki har da na yankin Bodinga da kewayen madatsar ruwa ta Shagari a Jihar Sakkwato.

Wannan ne ya sa ake ta zancen na'urar da ke watsa wa kifi abinci da kanta. A ƙasar Ekwado, wadda ke kan gaba a duniya wajen fitar da jatan lande, manyan gonaki na amfani da na'urorin da ke sauraren ƙarar taunar jatan landen a ƙarƙashin ruwa, su saki abinci idan yana ci, su dakata idan ya ƙoshi.

Sai dai abin da ya ba na'urar daraja shi ne awo. Ɗauki misalin mai kifi 1,000 da yake son kowanne ya kai kilo ɗaya. Idan kilo 1.2 na abinci ne ke samar da kilo ɗaya na kifi, buhu 80 mai kilo 15 zai ishe shi. Idan kuwa yana watsawa da ka har lissafin ya kai kilo 1.8, sai ya sayi buhu 120. Buhu 40 ɗin nan shi ne ribarsa. Bugu da ƙari, abincin da kifi bai ci ba yakan ruɓe ya gurɓata ruwa, a tilasta canza shi, a kuma ƙona man janareta.

Yanayin Sakkwato na ƙara wa batun nauyi. A lokacin hunturu tarwada kan rage ci saboda sanyin ruwa. A bazara kuwa, da zafi ke haura maki 40, iskar da kifi ke shaƙa a ruwa kan yi ƙaranci. Na'ura mai aiki da agogo kawai ba ta san wannan ba. Za ta zuba abinci ko kifi na ci ko ba ya ci. Wadda ta san bambancin kuwa tana da tsada, tana buƙatar lantarki ko sola, da mai gyara a kusa.

Don haka matakin farko mai araha ne: sikeli da littafi. Mai kiwo ya riƙa auna wasu daga cikin kifinsa duk mako biyu, ya ware manya daga ƙanana, ya ciyar da safe da yamma, ya rubuta kowane buhu da ya buɗe.

Mataki na biyu na hukuma ne. Rabon 'ya'yan kifi ba tare da abinci ba ɗora wa matashi nauyi ne. Zai fi amfani gwamnatin jiha da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima su taimaka wa ƙungiyoyin masu kiwo da injin sarrafa abinci mai tasowa saman ruwa, daga dusar shinkafa da ƙuli-ƙuli da waken suya. Masana kiwon kifi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da cibiyar binciken kifi ta New Bussa su tsara haɗin, su kuma horar da masu kiwo.

Idan aka samu abinci mai sauƙi da masu kiwo da suka iya lissafinsa, manyan gonaki za su sayi na'urar da kansu, domin sun ga abin da za ta ajiye musu.